Fom ɗinka ne ya kore su, ɗana

Assalamu alaikum. Ɗana, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari ne sai jikata ta dawo daga makaranta, domin ita ke buga mini dogon rubutu yanzu, idanuna ba sa jure hasken waya. Ka ce kwamiti ya ɗora maka aikin haɗa kundin labarin tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello waɗanda suka gama tsakanin 1975 da 1985, inda kowa yake da abin da ya cim ma a rayuwa. Ka raba fom ta kowace kafa, waɗanda suka cike suka dawo maka da shi ba su taka kara sun karya ba, har kana tambaya ko dattawan ba su damu da makarantarsu ba ne.

Sun damu. Ni ɗan ajin 1979 ne, na shiga makarantar share fage ta jami'ar a Samaru, Zariya, a 1975, kuma na riƙe wa 'yan ajinmu sakatare shekara goma sha ɗaya kafin gwiwa ta ce in zauna. Na ga fom ɗin naka, wani ya turo mini. Suna, shekarar gamawa, muƙami mafi girma da ka riƙe, lambobin yabo, sarautar gargajiya in akwai. Ina gama karantawa na san su wane ne za su cike, na kuma san su wane ne za su ninke shi su sa ƙarƙashin dadduma. Ba laifinka ba ne, irin wannan fom ɗin ni ma na raba a shekarata ta farko, kuma abin da ka samu shi na samu.

Kafin ka gane dalilin shirun, sai ka san irin alkawarin da zamani ya yi mana. Lokacin da muka gama, ba mu muke neman aiki ba, aiki ke neman mu. Ma'aikatu da kamfanoni har cikin makaranta suke zuwa suna ganawa da 'yan ajin ƙarshe. Kana dawowa daga hidimar ƙasa, wadda aka fara a 1973, za a ɗauke ka a matakin albashi na 8, a ba ka gida, a ba ka bashin mota. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, saboda haka 504 sabuwa fil ba mafarki ba ce ga yaro ɗan shekara ashirin da biyar. A lokacin naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da yawanmu mu ne na farko da suka yi digiri a garuruwanmu, ranar da mutum ya koma gida har hakimi sai ya aiko a kira shi. Kowa a cikinmu ya ɗauka ƙarshensa babban sakatare ne ko shugaban kamfani, iyayenmu ma haka suka ɗauka.

Sai farashin mai ya faɗi. Aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, aka yi rage ma'aikata a 1984, sannan SAP, manufar gwamnati ta sake fasalin tattalin arziki, ta zo a 1986 ta narkar da albashi kamar kitse a wuta. Daga nan hanyoyinmu suka rabu. Kaɗan suka haye, mafi yawa suka yi ta tafiya a hankali har ritaya ta same su a mataki na 14 ko na 15, wasu kuma ƙasa ta zame musu tun suna tsakiyar ƙarfinsu. To mutumin da garinsu duka ya sa ran zai zama kwamishina, ya ƙare a mataimakin darakta, ka miƙa masa takarda ka ce ya rubuta muƙaminsa mafi girma don a buga kusa da na abokin ɗakinsa da ya yi minista. Me kake so ya rubuta?

Bari in ba ka labarin wanda muka zauna ɗaki ɗaya da shi a Suleiman Hall, ba zan kama suna ba don bai ba ni izini ba. Kimiyyar sinadarai ya karanta, kuma duk ajinsu ba wanda ya kama ƙafarsa. Da muka gama, ni na tafi koyarwa, shi ya shiga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, sashen rini. Ku yaran yanzu ba ku san Kakuri ba. Tun da aka buɗe masaƙa ta farko a 1957 unguwar ta zama gari guda, in aka tashi daga aiki kekuna sai sun toshe titi. Albashinsa ya ninka nawa, har nakan je wurinsa cin bashi in wata ya yi nisa. Ya kai manaja. Sai masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000, tasu ta bi sahu, aka ce su je gida za a kira su. Haƙƙinsa na shekara ashirin da wani abu ya bi har takalminsa ya siɗe. Ya sayar da gidan Kaduna, ya kwashe iyali ya koma ƙauyensu, ya ɓace mana ɓat. Shekara takwas ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Ni da kaina na ɗauka ya rasu.

Wurin wata ta'aziyya na haɗu da ƙaninsa, na matsa masa ya kai ni. Na tarar da mutumin cikin fadama, wando a naɗe, yana duba injin ban-ruwa. Ashe ilimin sinadaran nan bai tafi a banza ba. Shi ke auna wa manoman yankin ƙasarsu ya gaya musu irin takin da take so da wanda ba ta so, shi ya hana su zuba maganin ƙwari a tumatir ana gobe za a tsinka, shi ya haɗa su suka riƙa sayen iri tare don ya zo musu da sauƙi. Marayun 'yan'uwansa biyar ya riƙe, uku sun gama jami'a. Na zauna wurinsa kwana biyu, duk wanda ya wuce sai ya durƙusa ya gaishe shi. Da na fito da fom ɗina na wancan lokacin, sai ya yi dariya ya ce in rubuta masa "tsohon manajan masaƙar da ta mutu". Ya ƙi cikewa. Amma da na ajiye takardar muka shiga hira, ya ba ni labarin da ya fi duk abin da na tara a shekarar nan daraja. Tun daga ranar ban sake kai wa kowa fom ba.

Akwai wani kuma da ya yi karatu a harabar jami'ar da ke Kongo, akanta, ya yi shekara ashirin da biyar a banki. Da aka yi haɗakar bankuna a 2005, lokacin da aka ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, sai aka wayi gari reshe ɗaya yana da manaja biyu. Shi aka sallama. Ya gwada kasuwancin siminti, aka cinye shi. Ya gwada kiwon kaji, murar tsuntsaye ta share su. Ya gaya mini da bakinsa cewa ya yi shekara biyu ba ya son fita sallar Juma'a a babban masallaci don kada ya haɗu da waɗanda ya taɓa ba bashi. Abin da ya fitar da shi daga wannan ramin shi ne allo. Ya koma gaban wani alaramma na unguwarsu yana da shekara hamsin da biyu, yana zama cikin yara sa'o'in 'ya'yansa. Yana da sittin da ɗaya ya haɗa hadda. Mun je walimar mu tara daga ajinmu, wani farfesa a cikinmu ya yi ta kuka kamar ƙaramin yaro. Yanzu shi ke riƙe littafin kuɗin Islamiyyar unguwar, kuma na rantse maka babu bankin da ya taɓa samun lissafi mai tsabta irin wannan. A wane layi na fom ɗinka za a sa wannan?

Matan ajinmu su suka fi wahalar samu, kuma a nan nake so ka fi sa ƙarfi. Ba su da yawa tun farko. Yarinyar da ta taso daga makarantar 'yan mata ta Dala ko Queen Amina ta iso Amina Hall, masaukin ɗalibai mata, a shekarun nan, sai da wani uba ya toshe kunnensa daga maganar dangi. Da yawa an yi musu aure suna aji biyu, suka riƙa zuwa lacca da ciki ko da goyo. Matsalar ita ce sunan da ke rajistar jami'a na mahaifi ne, sunan da suka yi aiki da shi na miji ne, sunan da unguwa ta san su da shi kuma Hajiya ce ko Maman wane. Akwai wadda muka yi sashen ilimi tare, na neme ta shekara shida. Ashe tana nan cikin jiharmu, sunan kawai ya canza. Wurin ɗaurin auren 'yar wani abokinmu matata ta gano mini ita a cikin gida. Shekara goma sha tara ta yi tana shugabantar makarantar 'yan mata ta kwana a wani gari da ba wanda ke son a tura shi, ta ƙi neman a dawo da ita hedikwata. Takan bi iyaye har gida in an cire yarinya, ta zauna a zaure ta ƙi tashi. Likitar da ta duba matata a asibiti bara ɗalibarta ce. Yau tana gida tana jinyar maigidanta da ɓarin jikinsa ya shanye shekara huɗu ke nan, ba ta zuwa taro, ba ta riƙe babbar waya. In ka jira ta cike fom, sai dai ka yi ta jira. Ka nemi mace cikin kwamitinku ta je ta same ta, don akwai hirar da ba za ta yi da kai ba.

Kada ka ɗauka ina ƙyashin manyanmu ne. Jami'ar nan ta fitar da mutanen da ba sai an gabatar da su ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya gama a 1975. Mai shari'a Zainab Bulkachuwa, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, ita ma a 1975 ta gama karatun lauya. Nasiru El-Rufa'i 1980, Sanusi Lamido Sanusi 1981. Waɗannan ko ba ku rubuta su ba jarida ta rubuta, yaro ma zai samo tarihinsu a intanet cikin minti ɗaya. Kundinku ba zai ƙara musu komai ba, layi biyu ya ishe su. A namu ajin ma akwai wanda ya yi babban sakatare ya yi kwamishina, shi ya fara dawo mini da fom, har da ƙarin shafi uku da ya manna. Mun yi ta yi masa tsiya. Amma gaskiya ɗaya ce, sai bayan shekaru na gano cewa shi ke biyan kuɗin wankin ƙoda na wani ɗan ajinmu, wata bayan wata, ya kuma hana a faɗa. Wannan bai sa shi cikin shafi ukun ba. Ka ga ke nan har manyan ma fom ɗin bai kamo abin da ya fi kyau a tare da su ba.

Likitocinmu da yawa Saudiyya ta kwashe su a ƙarshen shekarun 1980 lokacin da albashi ya daina kai wa ƙarshen wata, wasu suka wuce Ingila da Amurka. Waɗannan suna da sauƙin samu, 'ya'yansu na Facebook. Farfesoshi su ne na ƙarshe da suka rage a bakin aiki, tunda dokar 2012 ta kai ritayarsu shekara 70, su ma yanzu suna fita ɗaya bayan ɗaya. Sauranmu dokar shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa ta sauke mu tun wajen 2015.

Kuma kada ka manta Samaru ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Mun zauna da 'yan Binuwai da Filato da Kwara da 'yan kudu, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Akwai abokina Batibe da ya koyar a sakandare har ya yi ritaya, yanzu yana hidima a cocinsu. Ranar da mahaifiyata ta rasu ya kwana a mota ya zo, ya zauna kan tabarma kwana uku ana karɓar gaisuwa da shi. Kundin da ya bar irinsu a waje bai ba da labarin jami'ar da Sardauna ya buɗe a 1962 ba.

Yanzu ga inda za ka same mu. Ba a zauren waya muke ba, ko an sa mu ciki jikoki ne ke buɗewa. Muna wurin ta'aziyya, muna wurin ɗaurin aure, muna majalisar ƙofar gida bayan La'asar, muna layin asibiti na masu hawan jini da ciwon suga. Wurin da na fi samun 'yan ajinmu a tarihin sakatancina shi ne layin tantance 'yan fansho. Rana ɗaya na haɗu da mutum bakwai, kowa rungume da fayil, muna ta kallon juna muna ƙoƙarin cire furfura da ido don mu gane fuskar da ke ƙasa. In ka ji an sa ranar tantancewa a jiharku, ɗauki littafinka ka je, ka tafi da ruwan sha ka raba, za ka dawo da lambobin waya fiye da na wata shida. Kuma duk wanda ka samu, kada ka tashi sai ka tambaye shi su wa yake da labarinsu. Kowane tsoho yana riƙe da mutum uku ko huɗu da ba wanda ya san inda suke sai shi.

Ka lura da rabon jihohi, don shi ya warwatsa mu fiye da komai. Wanda ka sani a ma'aikatar ilimi ta Kaduna, in ɗan lardin Katsina ne, tun Satumbar 1987 ya tattara ya koma Katsina. Na Kano da yawa sun koma Dutse a 1991, na Sakkwato sun rabu zuwa Birnin Kebbi a 1991 da Gusau a 1996, na Bauchi wasu sun tafi Gombe a 1996. Sunan garin da ke jikin sunan mutum zai taimake ka, domin a zamaninmu malamin firamare yakan rubuta yaro da sunan garinsu, shi ya sa za ka ga Musa ko Ibrahim biyar a aji ɗaya, garin ne kawai ya bambanta su. Sai dai wasu sun sauke sunan garin daga baya sun ɗauki na mahaifi, wasu kuma sarauta ta haɗiye sunan gaba ɗaya, in ba ka ce Wazirin kaza ba ba wanda zai gane wa kake nufi. A nan 'yan Kwalejin Barewa suka fi mu dabara. Tun makarantar tana Katsina, kafin ta koma Kaduna a 1938 sannan Zariya a 1949, kowane ɗalibi da lambarsa, kuma har yau da lambar suke gane juna da sanin wa ya riga wa. Ku ma ku nemi lambar rajista ku ajiye kusa da kowane suna. Kuma ku jera mutane bisa harafi ko bisa lamba, kada ku jera bisa muƙami. Mun taɓa yin kuskuren nan a wata 'yar mujalla, manya a gaba da hoto mai launi, sauran a baya kamar jerin sunayen masu bin bashi. Mutum huɗu suka daina zuwa taro daga wannan shekarar, ɗaya har ya rasu bai dawo ba.

In ka zauna da tsoho, kada ka fara da me ka zama. Fara da wane ɗaki ka zauna, wa ke dafa muku shayi, wane malami ya fi ba ka tsoro. Tambaye shi ina yake a watan Afrilun 1978, lokacin zanga-zangar "Ali Must Go", da aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, ƙasa ta ɗauki zafi, aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Samaru, aka rufe makarantu. Ba ɗan zamaninmu da ba shi da labarin yadda ya fita daga Zariya a makon nan. Tambaye shi laccar marigayi Dokta Bala Usman, wadda har waɗanda ba tarihi suke karantawa ba sukan cika ɗakin su tsaya ta taga. In bakinsa ya buɗe da waɗannan, sauran zai zo da kansa: aiki, aure, 'ya'ya, faɗuwa da tashi. Sannan ka tambaye shi abin da yake yi da safiyarsa yanzu, da abin da in ya tuna yakan ji daɗi. Ka kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarka bayan ka nemi izini, don hannunka ba zai iya bin bakinsa ba. Abin da ya shafi ciwo, ko bashi, ko rabuwar aure, ko ɗan da ya lalace, za a gaya maka su in an sake da kai, amma amana ce, ba na bugawa ba ne sai mai shi ya ce a buga. Kuma don Allah ku raba aikin nan da karɓar kuɗin ƙungiya. Ranar da aka ce sai wanda ya biya za a sa sunansa, ranar kuka rasa duk waɗanda na ba ka labarinsu a sama.

Sai mamata. Ku ba su shafinsu, ba jerin suna kawai ba, kowa da layi uku ko huɗu daga bakin wanda ya san shi. A watan Afrilun 2020 kaɗai, lokacin da dattawa suka yi ta faɗuwa a Kano ana cikin kullen korona, littafina ya rasa mutum uku cikin kwana goma, ba mu ma samu zuwa jana'iza ba. Matansu suna nan, kuma su ke riƙe da hotuna da takardu. Wata ta fito mini da tikitin abincin mijinta na 1977 daga cikin akwatin ƙarfe, ta ce tun da ya rasu ba wanda ya zo daga makarantarsu sai ni. Na rasa inda zan sa fuskata.

Tunda labarinmu kake nema, ga nawa, ka fara da shi. Na koyar shekara goma sha huɗu, na yi shugaban makaranta, na ƙare a ofishin duba makarantu, na yi ritaya a 2015. Ba ni da sarauta, ba ni da lambar yabo. 'Ya'ya bakwai, ɗaya ta riga mu, jikoki goma sha shida. An yi mini aikin yanar ido a ido ɗaya, ɗayan yana jiran kuɗi. Ina da awaki tara da suka hana ni zaman lafiya da maƙwabta. Kowace Asabar da Lahadi da safe ina koya wa magidanta karatu da rubutun boko a zaurena, akwai mai gyaran babur ɗan shekara arba'in da shida da ya rubuta wa 'yarsa wasiƙa da hannunsa watan jiya, ya kawo mini in duba masa kafin ya aika.

Tsohon littafin sakatancina yana nan, mai baƙin bango, da sunaye da garuruwa da alamar jan biro a gefen waɗanda suka rasu. Ba zan ba da shi aro ba, amma za ka iya zama ka kwafa. Ka nemi shugaban kwamitinku ya haɗa mu, ya san gidan. Ka zo bayan La'asar, wayarka cike da caji, ka bar fom ɗin a mota. Akwai mutum biyu a unguwar nan 'yan ajin 1977 da zan aika a kira maka, ɗaya ba ya ji sosai, sai ka zauna ta damansa.